Koyon jita bes a Katsina: abin da nake rubutawa tun ranar da na sayo ta

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Alhamdulillahi yau dai na shigo Katsina da jita bes a hannu. Sammako na yi zuwa Kano, na wuni ina zagaya shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari, ban kamo hanyar gida ba sai bayan la'asar. Ta hannu ce, kwaikwayon Fender Jazz Bass, don ta asalin ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Mai shagon ya fara da dubu 150, muka yi ta ja har ya sallama a dubu 118. Ƙaramar amfilifaya mai wat 20 dubu 52, waya 4,500, mota zuwa da dawowa 11,000 saboda sai da na ƙara wa direba wani abu kafin ya yarda in riƙe ta a gaba, na ƙi a cusa min ita a but tare da buhuna. Jimla 185,500. Adashin da na kwasa ne da kuɗin tsohuwar jitata mai tsirkiya shida da na sayar.

Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya don in san inda kuɗi da lokaci suka shiga, kuma ko wani ɗan uwa mai sha'awa zai amfana, don ni da na fara nema ban samu wanda zan tambaya da Hausa ba.

Mu biyar ne. Akwai Baba Saje, dattijo ne da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, shi ke busa saksafon kuma shi ya haɗa mu. Akwai mai ganga, ɗan bautar ƙasa ne daga Jos, sai mai fiyano da ke aiki a wani situdiyo wajen Ƙofar Ƙaura, a ɗakin bayan situdiyon ne ma muke haɗuwa duk Asabar, sai mai jita wanda ya daɗe a Maraɗi, hannunsa duk irin kiɗan Buzaye ne. Da mu biyu ne a kan jita, Baba Saje ya ce jita biyu ba bes gini ne ba harsashi, dole ɗaya ya sauko ƙasa. Na ce ni zan sauko. Burinmu kafin azumi mu iya kiɗa a gaban mutane ba tare da mun tsaya a tsakiya ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Tsirkiya huɗu ce, saitinta daga mai kauri E, A, D, G, daidai da tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita amma muryarsu ta fi zurfi sosai. Na ɗauka tunda na iya jita abin zai zo da sauƙi, ashe hannu ne zai fara gaya min gaskiya. Tsawon tsirkiyar daga jaki zuwa saman wuya inci 34 ne, ƙarafan farko suna da tazara, yatsa ɗaya a kowane gida, wato filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuyan jita, ba ya yiwuwa a can sama sai ka wahalar da wuyan hannu, don haka na koma amfani da manuni da na tsakiya da ɗan ƙarami, gida uku kawai nake kamawa a lokaci guda. Yatsu biyu na dama da nake jan tsirkiya da su sun yi bororo tun jiya.

Wani abu da ya ba ni mamaki. Tsirkiyar E girgizarta wajen sau 41 ce a daƙiƙa, sifikar waya ba ta iya fitar da wannan zurfin sam. Shekara da shekaru ina sauraron jaz a waya ashe ƙasan kiɗan duk ban taɓa ji ba. Na sayi abin sa wa a kunne mai ɗan kyau 6,000, na sake sauraron waƙoƙin da na ɗauka na haddace, wallahi kamar an buɗe wani ɗaki a gidan da na daɗe ina ciki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Haɗuwa ta farko da bes, kuma ba ta yi daɗi ba.

Baba Saje ya ce mu fara da bulus, wani salon kiɗa mai gida 12 (gida a nan rukunin bugu huɗu ne, ba na wuyan jita ba), shi ne tushen da kowane ɗan jaz ke fara takawa. Ya ce a G. Muka shiga a G ni da mai jita da mai fiyano, shi ma ya shiga, sai ga wani irin karo kamar an saki awaki biyu a ɗaki ɗaya. Muka tsaya muka sake, haka dai. Har na fara zargin saitin jitata, na ciro waya na duba, lafiya lau. Can sai Baba ya dafa goshi ya ce afuwan 'ya'yana, laifina ne. Ashe saksafon ɗinsa tena ce, irin wadda idan ya kama C abin da ke fita B filat ne, wato kullum tana ƙasa da sunan da yake kira da taki guda. G ɗinsa F ɗinmu ne. A badujala kowa da takardarsa a rubuce daidai da abin busarsa shi ya sa bai saba fassarawa ba. Minti ashirin muka ɓata a kan wannan. Yanzu mun yi doka, duk sunan da za a kira na fiyano ne.

Da muka koma F sai matsalata ta fito. F da B filat duk a gidan farko na wuyan jita suke, inda tazara ta fi yawa, mu masu jita kuma mun saba da E da A inda tsirkiya a sake take yi maka rabin aiki. Masu busa sun fi son F da B filat, haka jaz ɗin yake, dole hannu ya saba. Ga kuma amfilifayar, wat 20 a ɗakina tana girgiza taga amma mai ganga na ɗora sanda ta ɓace, na ƙure ta har sifikar ta fara tari. Kuskurena ne, ban yi tambaya ba kafin in saya. Don rashin jin kaina sai na riƙa jan tsirkiya da ƙarfi ina cika wurin da 'yan guje-guje irin na jita, bororon ya fashe, jini a kan tsirkiyar A.

Baba Saje ya tsayar da kiɗa ya ce, ɗan nan, mi kake nema a can sama? Ya ce in kama uwar kod kawai, kod shi ne muryoyin da ake bugawa tare, uwarsa kuma ita ce muryar da kod ɗin ke ɗauke da sunanta, in buga a bugu na ɗaya da na uku, in sa ido a ƙafar mai ganga. Murya biyu a kowane gida, shi ke nan. Na ji nauyin maganar a gaban mutane amma da muka yi haka kiɗan ya zauna, har mai jita ya lumshe ido.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Minti 40 kullum bayan magariba. Uwar kod kawai, F, B filat, C. Na naɗe yatsa da filasta amma tana kashe sauti, na cire, zan jira kanta ta fito.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Alhaji, mahaifina, ya kira ni bayan la'asar. Ɗakina bango ɗaya ne da nasa, ita kuma bes ko ka rage murya tana bin bango da ƙasa, ya ce kwana uku ke nan yana jin abu na gurnani a ƙarƙashin gadonsa. Na durƙusa na yi masa bayani. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce, yanzu kai da karatunka da aikinka roƙo za ka koma?

Na san inda maganar ta dosa, a garin nan kiɗa gado ne, wanda bai gada ba idan ya ɗauki abin kiɗa ana yi masa wani kallo. Abin da ya sa maganar ta yi min nauyi shi ne a hannunsa na fara son kiɗa. Kaset ɗin Shata ba ya fita daga motarsa tun muna yara, kuma da Shata ya rasu a 1999 shi da abokansa har Daura suka je jana'iza. Na tuna masa cikin ladabi, ya ce Shata daban, Allah ne ya ba shi. Na ce Alhaji ni ba waƙar kowa zan yi ba, ba kuma kuɗin kowa nake nema ba, abu ne nake so in iya da hannuna kamar yadda wani ke son kiwon tattabaru ko ƙwallo.

Sharaɗi uku ya gindaya. Ba kiɗa bayan isha'i, kada ya ji an ce na bar salla ko aiki saboda shi, kuma kada ƙafata ta taka wurin da ake shan giya da sunan wasa. Na karɓa duka da zuciya ɗaya don babu wanda ya saɓa wa abin da nake so a ciki. Hajiya ta ba ni tsohuwar katifa na yanka na ɗora amfilifayar a kai, girgizar ta ragu sosai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau Baba Saje ya buɗe min abin da suke kira wokin bes, ni dai takun bes nake ce masa don tafiya ce sak. Kowane gida bugu huɗu ne, kowane bugu murya ɗaya, ba gudu ba tsayawa. Bugu na farko uwar kod, na biyu da na uku ka zaɓa daga cikin muryoyin kod ɗin ko na kusa da su, na huɗu kuwa shi ne mai muhimmanci, ka tsaya ƙarfe ɗaya sama ko ƙasa da inda za ka sauka. Misali daga F zuwa B filat sai ka taka F, G, A filat, A, ka faɗa B filat, kunne da kansa yana jin an iso. Ya ce a farkon jaz a Niyu Olins da babban ƙahon nan tuba ake riƙe ƙasa a ƙungiyoyi da dama, daga baya babbar bes ta katako da ake kaɗawa a tsaye ta karɓe aikin, ita kuma ta lantarki irin tawa sai 1951 Leo Fender ya fito da Precision. Yana cikin kai nasa duk wannan, a bakin tsofaffin ogoginsa ya ji.

Matsalar ita ce da na fara tunanin wace murya zan taka sai lissafin gida ya kuɓuce min. Sau huɗu ina ɓacewa, kullum a wuri ɗaya, wajen gida na tara inda ake shiga G maina sannan C kafin a dawo F. Sai in riga su da gida ɗaya, kuma idan mai jita ya ɓace shi kaɗai ya ɓace, amma idan mai bes ya ɓace kowa ya bi shi rami, don kunnen kowa a kaina yake ko bai sani ba. Wannan nauyin ban san da shi ba sai yau. Mai ganga ya taimake ni, ya ce zai riƙa ɗan buga faranti a farkon gida na ɗaya da na biyar da na tara, in ɗauki waƙar layi uku mai gida huɗu-huɗu maimakon in ƙirga har 12. Da haka na yi zagaye uku a jere ban faɗi ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba wuta. Karo-karon mai 1,500 kowa, janareton kuma ƙararsa ta cinye rabin abin da nake ji. Awa ɗaya muka yi muka tashi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hunturu ya taɓa min jita. Tun tsakiyar mako na lura tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, dannawa sai da ƙarfi, ga bakin ƙarafan sun ɗan fito ta gefe suna kartar tafin hannu idan na zame. Na tsorata na ɗauka an sayar min da mai karyayyen wuya ne. Da na yi bincike sai na gane katako ne ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa shi ya sa bakinsa ya fito, wuyan kuma ya lanƙwaso gaba saboda jan tsirkiya. Laifina a ciki shi ne na bar ta jingine kusa da taga ba jaka, iska da ƙura suna dukanta dare da rana.

A cikin wuyan akwai dogon ƙarfe da ake ɗaurewa da alanki don ya miƙar da shi. Yadda na auna, na sa ƙanena ya danne tsirkiyar E a gidan farko ni na danne a na ƙarshe, muka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na takwas. Abin da ake so kamar kaurin katin gayyata ne, nawa kuwa katin ATM na shiga har da saura. Na sassauta tsirkiyoyi, na juya alankin dama rubu'in zagaye kawai, hannuna na rawa don na karanta cewa wanda ya matsa da ƙarfi yana iya kashe ƙarfen, kuma gyaransa ya fi kuɗin jitar. Na bar ta ta kwana, washegari na ƙara wani rubu'in. Ta dawo daidai. Bakin ƙarafan na liƙa tef a katakon na goge su a hankali da ƙaramar zarto mai laushi, dare biyu ina yi.

Alanki 1,200, jaka mai soso a ciki 14,000 wurin wani tela a babbar kasuwa da na kai masa jitar ya auna. Yanzu ina sa ɗanyen soso a cikin robar sabulu mai huji in jefa cikin jakar, kada dai ruwa ya taɓa katako.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun samu saɓani da mai fiyano, kuma na ji zafi don ina ganin girmansa. A situdiyo shi kaɗai ke haɗa komai, ganga da bes da sarewa duk daga fiyano suke fita kamar yadda ake yin waƙoƙin Hausa na zamani, don haka hannunsa na hagu ya saba zama can ƙasa yana buga bes. Ni ina F shi yana wata murya kusa da ita, su biyun a ƙasa sai su cakuɗe su zama laka. Na yi haƙuri makonni, yau na ce Malam don Allah ka ɗan bar min ƙasan. Ya ce ai rufa min asiri yake yi don ina ɓacewa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo.

Baba Saje bai goyi bayan kowa ba. Ya ce a yi zagaye biyu mai fiyano ya sa hannun hagu a aljihu. Na farko na yi tuntuɓe, na biyu ya tafi sumul, kuma kowa ya ji yadda ɗakin ya yi fili, saksafon ta samu wurin numfashi. Ya ce wa mai fiyano, in kana tallafe da yaro kullum yaushe za shi yi tafiya? Ni kuma ya ce ranar da na sake ɓacewa sau biyu a waƙa ɗaya hannun hagu zai dawo. Mun rabu lafiya, shi ya ma sauke ni a Ƙofar Marusa da mashin ɗinsa.

Asabar, 28 ga Disamba

Mai ganga ya tafi Jos Kirsimeti, mako biyu ba haɗuwa. Kafin ya tafi ya bar min aiki, in sa manhajar ƙirga bugu a waya a kan 60 amma in ɗauki kowane ƙas a matsayin bugu na biyu da na huɗu, inda yake taka faranti da ƙafar hagu, ni in samar da na ɗaya da na uku da kaina. Kwana uku na farko kaina juyawa yake yi ya mayar da ƙas ɗin na ɗaya. Yanzu ina iya minti biyar. Na ɗauki kaina a waya na saurara, ina gaggawa duk lokacin da zan canza tsirkiya, kuma tsirkiyar da na bari tana ci gaba da ƙugi, dole babban yatsa ya riƙa sauka yana kwantar da ita.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na tsorata ƙwarai. Mun dawo haɗuwa, ana kan janareto, hannuna na kan tsirkiya na miƙa ɗayan zan gyara makirufon Baba sai na ji wuta ta fizge ni har gwiwar hannu. Ba ta jefar da ni ba amma na daɗe zaune jikina na ɓari. Tun kwanaki dama akwai wani zuuu da ke fita daga sifika na yi ta share shi.

Ƙari daga baya: Litinin na kai jitar da amfilifayar wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a Rafin Daɗi. Abu biyu ya samu. Filogin amfilifayar wani ya taɓa canza shi ya bar wayar at, wato mai kai wuta ƙasa, a yanke, ƙafa ukun ado ne kawai, don haka duk wutar da ta zurara a jikinta ba ta da hanyar ƙasa sai ta jikin mai riƙe da tsirkiya. Na biyu a cikin jitar, dalmar da ke riƙe da waya a soket ɗin da ake cusa jak ta tsage, ita ke kawo ƙarar idan na motsa. Ya gyara duka, 3,500 da sabon filogi. Ya kuma gargaɗe ni cewa ko filogi na da kyau in soket ɗin ɗakin ko janareton ba su da at aikin banza ne, muka haɗa kuɗi aka kira mai wayarin ya kafa ƙarfe a ƙasa bayan ɗakin, nawa kason 4,000.

Sauran ɗan zuuu ɗin da ya rage na gano na irin jitar ne. Maganaɗisu biyu ke ɗaukar sautin tsirkiya, in ka buɗe ɗaya ka rage ɗaya sai ta yi ƙara, in ka ƙure su biyun daidai sai su kashe ƙarar juna. Duk mai shirin sayen amfilifaya ta hannu don Allah ya buɗe filogin ya duba kafin ya jona, wannan ba abin wasa ba ne.

Lahadi, 19 ga Janairu

Tsirkiyoyin sun mutu, ƙura da gumi sun cika su. Sabon saiti an ce min 22,000 a Kano, ba ni da shi yanzu, sai na cire su na tafasa a tsohuwar tukunya minti 15, na shanya suka bushe sarai na mayar. Sun farfaɗo, amma sai na ga ƙarar sabuntar ma ba ita nake so ba. Na tuna James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin Motown a Amurka, an san shi da barin tsofaffin tsirkiyoyi da kuma soso a wajen jaki. Na yanko guntun katifar Hajiya na cusa ƙarƙashin tsirkiya dab da jaki, na rage maɓallin kaifin sauti. Sai ga murya gajera mai dum dum kusa da ta babbar bes ta katako. Baba Saje da ya ji ya ce yawwa, wanga ita ce.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An gayyace mu dinar bikin ƙanwar wani abokin mai fiyano ranar 15, minti 45 kafin DJ ya karɓa. Na tambaya na tabbatar wurin ya cika sharaɗin Alhaji.

Mai jita ya kawo shawara mai kyau, ya ce kada mu ba mutane jaz zalla, ya zo da wani makaɗin kalangu da ya sani. Da aka shiga kiɗan gida mai bugu shida takun bes ɗina bai yi aiki ba ko kaɗan. Na koma sauraron kalangun, yadda yake matse shi a hammata murya ta hau ya saki ta sauko, na ɗauko muryoyi uku daga abin da yake faɗa na riƙa maimaitawa ba canji. Minti goma a kan muryoyi uku kuma ban gaji ba. Na tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya riƙe ƙasar nan shekaru da ita. Wani abin kuma, muryoyi biyar ɗin da mai jita ke yawo a kansu a kiɗan Buzaye kusan su ne dai na bulus, shi ya sa Baba ya shiga da saksafon ba tare da an gaya masa komai ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun bi jerin duka sau biyu, guda shida, huɗu jaz biyu na gida. Na ɓace sau ɗaya. An yi mana alkawarin aron amfilifaya mai wat 100.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mun yi jiya. An ce ƙarfe takwas, ba mu hau ba sai tara da rabi, kuma mai kayan sautin wurin bai ba mu damar gwaji ba, ya ce lokaci ya ƙure. Amfilifayar aron ta cece ni don ita kaɗai nake jin kaina da ita. Na duba filoginta tun a gida.

Na farko da na biyu sun tafi lafiya, sai dai mutane na ta cin abinci da hira kamar ba mu nan, wannan ya ɗan karya min gwiwa. A na uku mai ganga ya ɗauki zafi ya fara gudu, na ji shi yana ja na, na tuna ƙas ɗin nan na biyu da na huɗu na dafe takuna na ƙi bin sa, na kalle shi ya kalle ni ya dawo. Wannan daƙiƙar ita ce ta fi min komai daɗi tun da na sayi jitar. A na huɗu kuma ni na yi ɓarna. Ana tsakiyar busar Baba aka ɗauke wuta, kafin janareto ya ɗauka ganga da saksafon kaɗai ke tafiya, da wuta ta dawo na shiga a gidan da ba shi ba, na kai kusan gida huɗu ina taka inda ba a nan ake ba. Mai fiyano ya sauko da hannun hagu ya buga min uwar kod da ƙarfi sau biyu har na gane inda muke, sannan ya janye. Baba ya dafa kansa, alamar a koma farkon waƙa, muka sauka tare. Bayan an gama na je na yi wa mai fiyano godiya ta musamman.

Da kalangu ya shigo wurin ya juye. Ƙawayen amarya suka taso, iyaye mata suka biyo da liƙi, na ga wata dattijuwa tana taka rawa daidai kan muryoyi ukun nan nawa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban yarda cewa mutanenmu ba sa son jaz ba, ba a dai saba ba su shi ba ne, don bayan mun sauka wani bawan Allah mai furfura ya zo ya riƙe hannun Baba ya ce rabonsa da jin saksafon ido da ido tun yana saurayi a Kaduna.

An ba mu 60,000, liƙi 23,400. Mai kalangu 15,000, motar kaya 8,000, mai amfilifaya 5,000, aka ajiye 5,400 na mai, kowa ya tashi da 10,000. Na kai wa Alhaji nawa, ya ce in riƙe in sayi tsirkiyar da nake ta magana.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Haɗuwar ƙarshe kafin azumi, sai bayan salla kuma. Mun saurari abin da ƙanena ya ɗauka a waya ta cikin sifikar situdiyo. Takuna ya zauna fiye da yadda na zata amma layukan duk iri ɗaya ne, hanya ɗaya nake bi daga F zuwa B filat kowane zagaye. Baba ya ce in rubuta hanya biyar daban-daban na kowace mahaɗa, kuma in fara bulus ɗin a B filat da C.

Abin da na kashe daga Nuwamba zuwa yau ban da karo-karon mai ya kama 214,200. Ƙaramar amfilifayar zan sayar in ƙara in nemi mai wat 100, na fara sabon adashi a wurin aiki, kwasata a Yuni. Mai ganga zai gama bautar ƙasa a tsakiyar shekara, dole mu fara neman wani tun yanzu, mai kalangun ya ce yana da ƙane da ke son koyon gangar Turawa. Cikin azumi minti 20 kawai zan riƙa yi kafin la'asar ba tare da jona wuta ba don kada kantar yatsu ta tafi. Idan damina ta kusa kuma katakon zai sha laima ya koma baya, sai na sake aunawa da katin in sassauta ƙarfen wuyan. Amfilifayar aro tana nan a ɗakina, Litinin bayan an tashi aiki zan mayar wa mai ita a Sabuwar Unguwa.